Fashin Baƙi Kan Saita Netrw, Mai Duba Fayilolin Da Ke Cikin Vim

Duk wanda ya taɓa shiga uwar garke ta SSH, wato hanyar shiga wata na'ura daga nesa, ya san yadda wurin yake: baƙin allo, babu linzami, babu hoton folda ko ɗaya da za a danna. Abin da akasarinmu ke yi shi ne mu yi ta buga `ls` da `cd`, mu buɗe fayil da Vim, manhajar gyara rubutu a taminal, mu rufe, mu sake `ls`, mu buɗe wani. Na daɗe ina wannan safa da marwa kafin ranar da na buga `vim .` wato Vim da ɗigo ɗaya a gabansa, sai ga jerin duk abin da ke cikin foldar ya bayyana, ina hawa da sauka da `j` da `k` kamar yadda nake yi a cikin rubutu. Ban sauke komai ba, ban kashe data ba. Abin yana nan tun farko, ni ne ban san da shi ba.

Sunansa netrw. Charles E. Campbell ne ya rubuta shi, kuma asalin aikinsa ba duba folda ba ne: karantawa da rubuta fayil ta hanyar sadarwa ne, daga nan sunan ya samo asali. Shi kuwa Vim, Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ne ya fitar da shi a 1991, ya kuma ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a watan Agustan 2023. A Vim 7, wanda ya fito a 2006, aka ɗora wa netrw aikin nuna foldoji a madadin tsohon mai yin wannan aiki. Neovim ma da ya ɓalle daga Vim a 2014 ya tafi da shi. Wannan tarihin yana da amfani wajen fahimtar halinsa, domin kayan aiki ne mai ɗauke da kaya biyu a kai ɗaya, shi ya sa saitinsa suka yi yawa har suke rikita sabon shiga.

Kafin komai, a tabbatar yana nan. A kan Debian da Ubuntu, sau da yawa abin da ke amsa sunan `vi` ƙaramin Vim ne da ake kira `vim-tiny`, wanda aka rage wa kaya har ba ya iya gudanar da irin waɗannan ƙarin manhajoji. Idan ka buga `vi .` ya ce maka wannan folda ce kawai, ya yi shiru, to ba saitinka ne ya lalace ba, cikakken `vim` ne ba a girka ba. Idan an girka, a tabbatar akwai waɗannan layuka biyu a saman fayil ɗin saiti, wato `~/.vimrc` a Linux da macOS, ko `_vimrc` a Windows:

```
set nocompatible
filetype plugin on
```

Mai amfani da Neovim zai rubuta nasa a `~/.config/nvim/init.lua`, kuma duk inda na rubuta `let g:netrw_banner = 0` shi zai rubuta `vim.g.netrw_banner = 0`. Sunayen ɗaya ne, lafazin ne ya bambanta.

Tambayar da ya kamata a fara amsawa

Akwai wasu layuka biyar da ke yawo a intanet, kusan duk wanda ya nemi yadda ake gyara netrw ya ci karo da su: a cire kanun sama, a mai da jerin ya zama bishiya, a sa `browse_split` ya zama 4, a sa `altv` ya zama 1, a sa faɗi ya zama 25. Mutane na kwafe su gaba ɗaya su zuba, bayan mako guda su dawo suna cewa netrw ba shi da tabbas, yana buɗe fayil inda ya ga dama. Ni a ganina laifin ba na layukan ba ne. Layukan suna amsa wata tambaya ce da mai kwafen bai taɓa yi wa kansa ba: shin so kake netrw ya zama durowa da ke zaune a gefen allo kullum, irin wadda ke cikin manhajar VS Code ko NERDTree, wani ƙari da ake girka wa Vim, ko kuwa ya zama ƙofa da za ka bi ka wuce, ta rufe bayanka?

A yadda aka gina shi, netrw ƙofa ne. Ka buga `:Explore`, ko `:Ex` a taƙaice, sai jerin foldar da fayil ɗinka yake ciki ya maye gurbin rubutun a cikin wannan tagar da kake. Ka zaɓi wani fayil ka danna Enter, sai shi kuma ya maye gurbin jerin. Babu shakka game da inda fayil zai buɗe, domin taga ɗaya ce tun farko. Idan ka fasa, `:Rexplore` zai mai da kai inda ka fito. Abu ɗaya da zai sa `:Explore` ya raba taga shi ne idan ka yi gyara ba ka adana ba, kuma ba ka kunna `set hidden` ba.

Durowa kuwa tana da kyau matuƙar taga ɗaya ce a gefenta. Da zarar ka raba allo gida uku, fayil ɗin HTML a nan, na CSS a can, wani a ƙasa, sai tambaya ta taso: idan na danna Enter a cikin durowa, a wace taga zai buɗe? Duk rikicin saitin netrw a nan yake. Wanda ya gane wannan ya gane rabin lamarin.

Sunan da ke yanke wannan hukunci shi ne `g:netrw_browse_split`. Idan 0 ne, wanda shi ne yadda ya zo, fayil zai buɗe a tagar da jerin yake. Idan 1 ne, za a raba tagar a kwance a buɗe a sabuwar. Idan 2 ne, za a raba a tsaye. Idan 3 ne, sabon shafi, wato tab, zai buɗe. Idan 4 ne, zai buɗe a tagar da ka baro kafin ka shigo jerin. Lamba 4 ita ce ke ba da kamannin durowa, amma a lura da kalmar: tagar da ka baro, ba tagar da kake nufi a ranka ba. Idan ka ratsa ta wata taga a hanyarka ta zuwa durowar, misali kana tafiya da `Ctrl-w h` sau biyu, to ta ƙarshe da ka taka ita ce za a ɗauka, ko da kuwa ba ita kake so a taɓa ba. Lamba 1 da 2 kuma sun fi saurin gajiyar da mutum, domin kowane fayil da ka leƙa sabuwar taga ce, kafin ka ankara allon ya zama kamar gonar gado da aka raba wa magada goma.

Shawarata ita ce a bar wannan a kan 0. Ba a rasa komai ba, domin duk sauran zaɓin suna nan a matsayin madannai a cikin jerin: `o` ya raba a kwance, `v` ya raba a tsaye, `t` ya buɗe sabon shafi, babban `P` ya buɗe a tagar da aka baro, ƙaramin `p` kuma ya nuna maka fayil ɗin ka leƙa ba tare da ka bar jerin ba. Ka ga kenan kai ne ke yanke hukunci a kan kowane fayil, ba wata lamba da ka rubuta wata shida da suka wuce ba.

Wanda kuma ransa ya fi kwanciya da durowa, akwai umarnin da aka yi musamman dominsa, `:Lexplore`. Yana buɗe jerin a gefen hagu daga sama har ƙasa, idan ka sake buga shi ya rufe. Shi ba ya buƙatar lamba 4 ɗin nan, domin da kansa yake saita wani suna, `g:netrw_chgwin`, ya zama 2, ma'ana fayiloli su riƙa buɗewa a taga ta biyu, wadda ke manne da durowar. Aƙalla wannan doka ce da mutum zai iya riƙewa a ka. Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne `:Lexplore` shi kaɗai yana buɗe foldar da Vim yake tsaye a kai ne, ba foldar fayil ɗin da kake gyarawa ba. Idan ta fayil ɗin kake so, sai ka ce `:Lexplore %:p:h`.

Faɗin durowar `g:netrw_winsize` ne ke yanke shi. Ya zo a kan 50, wato rabin taga. Lambar da ba ta da alamar ragewa kaso ne cikin ɗari, lamba mai alamar ragewa a gabanta kuma adadin haruffa ne kai tsaye. Wannan bambancin yana da muhimmanci ga ƙannenmu da yawa da ke koyon rubuta manhaja a wayar Android ta cikin Termux saboda kwamfuta ba ta samu ba tukuna. Idan faɗin allonka harafi 48 ne, kashi 25 harafi 12 ne kacal, sunan fayil ma ba zai shiga ba, ga shi kuma ka cinye wa rubutunka kwata. A waya, a manta da durowa kwata-kwata, `:Ex` ya wadatar. A babban allo kuma na fi son `-30`, domin faɗin ba zai riƙa canjawa ba duk lokacin da na ƙara ko na rage girman taminal. Su kuwa `g:netrw_altv` da `g:netrw_alto` ƙananan abubuwa ne: na farko idan 1 ne, `v` zai buɗe fayil a dama maimakon hagu, na biyu kuma `o` zai buɗe a ƙasa maimakon sama. Wanda ya riga ya sa `set splitright` da `set splitbelow` ba ya ma buƙatarsu, domin daga can suke ɗauko matsayinsu na asali.

Kwalliya

Akwai saitin da ba sa cutar da kowa, a taɓa su yadda ake so. `g:netrw_liststyle` yana da fuska huɗu: 0 suna ɗaya a kowane layi, 1 suna haɗe da girma da ranar da aka taɓa fayil, 2 sunaye jere a faɗin allo, 3 bishiya mai rassa. Madannin `i` yana zagayawa da kai cikinsu, don haka a gwada kafin a rubuta komai. Bishiya ta fi kyan gani, kuma tana taimakawa ranar farko da ka shiga aikin da wani ya rubuta kana son ganin yadda ya shimfiɗa shi. Amma a cikin huɗun ita ce na fi ganin tana tuntuɓe, musamman wajen kwafe da matsar da fayiloli, ko a ƙirƙiri sabon fayil jerin bai nuna shi ba sai an danna `Ctrl-l` ya sabunta. A kan uwar garke na fi amfani da lamba 1 tare da `let g:netrw_sizestyle = 'H'`, wanda ke nuna girma da K da M maimakon dogayen lambobi. Ka danna `s` ya jera su bisa lokaci, ka danna `r` ya juya jerin, nan take ka ga fayil ɗin da aka taɓa na ƙarshe. Idan shafin intanet na wani ya faɗi da tsakar dare, wannan ne abin da ake fara nema.

Wani ƙarami mai daɗi shi ne `let g:netrw_sort_options = 'i'`, wanda ke hana shi ware sunaye masu farawa da babban baƙi daban da masu ƙarami. Mai son lambar layi a cikin jerin, don ya riƙa tsalle da `12G`, zai same ta a `g:netrw_bufsettings`, ya canja `nonu` da ke ciki ya zama `nu`.

Sai kanun sama, layukan nan kusan bakwai da ke cin wuri a saman jerin. Kusan kowa yana cire su da `let g:netrw_banner = 0`, kuma na fahimci dalili. Amma ina roƙon sabon shiga ya bar su na ɗan lokaci. Su ne ke faɗa maka wace folda kake ciki, bisa me aka jera sunayen, da kuma abin da aka ɓoye maka. Babban `I` yana ɓoye su ya kuma dawo da su a duk lokacin da aka so. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan yana da nasaba da saiti na gaba, wanda shi ba kwalliya ba ne ko kaɗan.

Abin da ka ɓoye wa kanka

`g:netrw_list_hide` jerin abubuwan da ba ka son gani ne, an raba su da waƙafi. Kuskuren farko da ake yi shi ne a rubuta `*.pyc` kamar yadda ake yi a taminal. Ba wannan yaren yake ji ba, salon binciken Vim yake ji, irin wanda kake bugawa bayan alamar `/`. Daidai shi ne:

```
let g:netrw_list_hide = '.*\.pyc$,.*\.swp$,^node_modules/$'
```

Ɗigo da tauraro na nufin ko mene ne, ɗigon da aka sa wa sanda a baya na nufin ɗigo na gaske, alamar dala kuma ƙarshen suna. A kuma kula da alamar zance guda ɗaya da ke kewaye da shi. Idan aka sa mai biyu, Vim zai ba sandunan wata ma'ana daban, tsarin ya lalace ba tare da ya ce uffan ba.

Shi jerin ba ya aiki sai da abokin tafiyarsa, `g:netrw_hide`: 0 a nuna komai, 1 a nuna abin da ba ya cikin jerin, 2 a nuna abin da ke cikin jerin kaɗai. Madannin `a` yana zagaya ukun, `gh` kuma yana ɓoye ko ya bayyana fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo. Akwai ma wata dabara, `netrw_gitignore#Hide()`, da ke ɗauko abin da Git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli, ya yi watsi da shi ta ɓoye, sai dai idan ka sa ta a `.vimrc`, sau ɗaya ake lissafa ta lokacin da Vim ya tashi, bisa foldar da ya tashi a ciki.

Ga abin da ya faru da ni. Na sa a riƙa ɓoye duk fayil mai farawa da ɗigo, na kuma cire kanun sama, aka yi watanni na manta da duka biyun. Wata rana da dare wani shafi da nake kula da shi ya daina haɗuwa da rumbun bayanansa. Na leƙa foldar daga kwamfutata ta hanyar netrw, na duba sama da ƙasa, babu `.env`, fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirri. Gabana ya faɗi, na ɗauka an goge shi ne. Cikin gaggawa na tura wanda ke kwamfutata, wanda na gwaji ne, ya hau kan na gaskiyar da ke nan daram ba a taɓa shi ba. Matsalar farko daban ce, ni kuma na ƙara ta biyu da hannuna, sai da muka kai kusan asuba muna dawo da abin da na danne. Da kanun suna nan, da layi ɗaya ya gaya min cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Tun daga ranar nake ɓoye tarkace kawai, irin su `.pyc` da `.swp`. Fayil mai ɗigo kuwa, `.env` ne ko `.htaccess` ko `.gitignore`, a bar min shi a gabana, idan ya dame ni na danna `gh`.

Ƙasar da kake tsaye a kai

Saitin da ya fi kowanne wuyar ganewa shi ne `g:netrw_keepdir`. Vim yana da folda ɗaya da yake ɗauka a matsayin mazauninsa, wadda `:pwd` ke nunawa. Daga nan `:grep` ke fara bincike, daga nan `:make` ke gudana, daga nan ake lissafa duk wata hanya da ka rubuta a gajarce. Netrw kuma yana da tasa foldar, wadda kake kallo a yanzu. Idan `keepdir` 1 ne, yadda ya zo kenan, waɗannan biyun ba ruwan juna: ka shiga folda bakwai a cikin jerin, mazaunin Vim yana nan inda ka bar shi. Idan 0 ne, duk inda ka taka a jerin mazaunin yana biye da kai.

Abin da ke sa mutane mai da shi 0 shi ne kwafe da matsar da fayil. Tsarin netrw a nan shi ne ka nuna foldar da za a kai kaya da `mt`, ka yi wa fayiloli alama da `mf`, sannan `mc` ya kwafe ko `mm` ya matsar. Da yawa sun ci karo da ƙin aikin wannan idan foldar da ake kallo ta bambanta da mazaunin, kuma sa 0 yakan warware musu. Amma an biya kuɗi mai tsada. Ka buɗe aikinka daga tushensa, ka leƙa wata folda can ciki, ka dawo ka buga `:grep`, sai ya ce babu, alhali abin yana nan, binciken ne ya fara daga reshe maimakon tushe. Irin wannan ya fi kuskure mai ihu haɗari, domin amsa ya ba ka, amsar ce ba daidai ba. Ni ina barinsa a 1. Idan ina son mazaunin ya koma inda nake kallo, sai in danna `cd` a cikin jerin, a tsofaffin fitowa kuma `c` kaɗai ne. Idan kuma kwafe mai yawa ne, gara in fita taminal in yi da `cp` da `mv` ina ganin abin da nake bugawa.

Tunda an zo nan, a kiyaye da babban `D`. Zai tambaye ka ko ka tabbata, amma idan ka amsa, fayil ɗin ba kwandon shara zai tafi ba, ya tafi kenan. `R` na canja suna ne, `d` na ƙirƙirar folda, `%` na sabon fayil, `-` kuma na hawa folda ta sama.

Akwai wani ɗan fayil, `.netrwhist`, da ke tsirowa a cikin `~/.vim` ba wanda ya gayyace shi. Tarihin foldojin da ka ziyarta ne, guda 10 bisa asali, kuma da shi `u` ke mai da kai baya, `U` ya kai ka gaba. Masu ajiye saitinsu a Git suna jin haushinsa domin kullum yana canjawa, sai su sa `g:netrw_dirhistmax` ya zama 0 su kashe tarihin gaba ɗaya. Ba sai an kai ga haka ba. `g:netrw_home` yana ba ka damar ka ce a ajiye shi a wata folda daban, kamar `~/.cache`, tarihi ya tsira, Git ma ya huta.

Madannai kuma suna da nasu tarkon. Da yawa cikinmu mun sa `Ctrl-h` da `Ctrl-l` su zama na tsallakawa taga ta hagu da ta dama. A cikin netrw sai su ƙi, domin shi ma ya riƙe su, na farko don gyara jerin ɓoyewa, na biyu don sabuntawa, kuma a Vim abin da aka ɗaura wa bafa guda, wato fayil ko jeri ɗaya da ke buɗe, yana rinjayar na gama-gari. Maganin shi ne a rubuta gyaran a wurin da za a karanta shi bayan netrw ya gama nasa, wato `~/.vim/after/ftplugin/netrw.vim`:

```
nnoremap <buffer> <C-l> <C-w>l
nmap <buffer> h -
nmap <buffer> l <CR>
```

A dubi bambancin layi na farko da sauran biyun. An saba gaya mana a riƙa amfani da `nnoremap` kullum, kuma gaskiya ne a mafi yawan lokuta. Amma `-` da Enter na cikin netrw su kansu ɗauri ne da ya yi, ba halin Vim na asali ba. Idan ka ce `nnoremap <buffer> h -`, Vim zai tsallake ɗaurin netrw ya ba ka `-` ɗinsa na gado, wanda hawa layi ɗaya sama ne kawai. Dole a nan sai `nmap`. Wanda ya karɓe `Ctrl-l` kuma ya tuna ya ba sabuntawa wani madannin, ko ya riƙa buga `:e .` idan yana tushen aikinsa.

Idan saiti ya ƙi kamawa, a fara da buɗe netrw sau ɗaya, sannan a buga `:filter /netrw/ let g:` a ga duk sunayen da abin da ke cikinsu a yanzu. Kafin a buɗe shi yawancinsu ba su wanzu ba tukuna, Vim zai ce bai san su ba. Kuma canjin da aka yi da `:let` ba lallai ya bayyana a jerin da ke buɗe ba, a rufe a sake buɗewa. Cikakken bayanin kowane suna yana `:help netrw-browser-settings`, na madannai kuma `:help netrw-quickmap`, duk a cikin kwamfutarka suke, ko babu intanet.

Wasu kan gaji su kashe shi ɗungurungum da `let g:loaded_netrw = 1` da `let g:loaded_netrwPlugin = 1`, su koma NERDTree ko nvim-tree ko oil.nvim. Ba laifi, kayan aiki ne masu kyau. Tim Pope ma ya rubuta wani ɗan ƙarami, vinegar, wanda bai kore netrw ba, gyara masa zama kawai ya yi, ya sa `-` ya riƙa buɗe foldar fayil daga ko'ina. Sai dai mai kashewa ya san abin da ya bayar. Ya bayar da asalin aikin da aka yi netrw dominsa, wato ka zauna a kwamfutarka ka buga `vim scp://suna@adireshi//var/www/` ka ga foldar wata na'ura da ke wata nahiya, ka gyara fayil, ka buga `:w` ya koma can, duk da saitinka da launukanka na gida. Sanda biyu bayan adireshin na nufin daga tushen na'urar za a fara, ɗaya kuma daga gidan mai shiga, sandar ƙarshe ita ke cewa folda ce a nuna jerinta. A Vim, sauke fayil ɗin duba ƙa'idar rubutu na wani harshe ma ta hannun netrw yake bi. Ga mai irin wannan aiki daga nesa a kan layin da ba shi da ƙarfi, `g:netrw_fastbrowse` ya zo a kan 1, ma'ana jerin na'urar nesa ba a sake ɗauko shi kowane lokaci, na gida kuwa ana sabunta shi. A bar shi haka, idan ana shakkar abin da ake gani a sabunta da hannu.

Bayan duk wannan, abin da ya rage a nawa `.vimrc` game da netrw bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba:

```
let g:netrw_liststyle = 1
let g:netrw_sizestyle = 'H'
let g:netrw_sort_options = 'i'
let g:netrw_winsize = -30
let g:netrw_list_hide = '.*\.pyc$,.*\.swp$'
let g:netrw_home = expand('~/.cache')
nnoremap - :Explore<CR>
```

Babu `browse_split`, babu `keepdir`, kanun sama ma suna nan. Na bar su yadda suka zo ne da gangan, saboda rabin lokacina a kan na'urorin da ba nawa ba nake, inda babu `.vimrc` ɗina kuma ba ni da hurumin girka komai. A can, idan na buga `vim .` na danna Enter a kan fayil, yana buɗewa a daidai inda hannuna ya saba, `-` ya hau da ni sama, `i` sau ɗaya ya nuna min girma da kwanan wata.